Kurɓin Farko na Doña Herminda

Doña Herminda Cárcamo ba ta taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafarta ba, kuma ko a mafarki ba ta da niyya. Takan ce wanda Allah ya ba ƙafa biyu lafiyayyu, ya ɗaure su da katako ya hau dusar ƙanƙara, shi ya jawo wa kansa. Amma duk wanda ya yi tseren ƙanƙara a garinmu Ushuaia, a hannunta ya girma. Ita ke riƙe da ɗakin katakon da ke bakin filin atisaye a kwari, inda 'yan wasa ke jin ɗumi su canza safa. Ni Clorinda maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, kuma ni ke taya ta suya in aiki ya yi yawa. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Daga tsibirin Chiloé ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Baldomero da ya samu aiki a injin yanka katako. Bai daɗe ba ya rasu. Bai bar mata ɗa ba, sai murhun ƙarfe da wani kare mai cizon baƙi. Ba ta sake aure ba, ta ce an isa haka. 'Yan wasa suka zama 'ya'yanta, suna kiranta Iya, tana zaginsu tana cusa musu fanke a aljihu.

Abin da aka fi saninta da shi mate ne, shayin ganye na ƙasarmu. Ta cika ɗan ƙoƙo da ganye, ta zuba ruwan zafi, ta soka bututun ƙarfe, ƙoƙon ya zagaya ɗaki baki bayan baki. Kamar kowane mai zubawa, ita ke shanye na farko, mai ɗaci da garin ganye. Ba a miƙa wa mutum na farko sai in ana neman faɗa da shi.

Shekarar da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin wasannin hunturu na ƙasashen kudu, aka ce tseren ƙanƙara a kwarinmu za a yi, gari ya rikice. Aka shafa fenti har a jikin bandakin tasha. Mutanen da ba su taɓa leƙa kwarin ba suka zama masana. Kowa ya san wuri ɗaya muke da rabon lamba, tseren karɓa-karɓa na mata, mutum huɗu. Mu kuwa huɗun cif muke da su, babu ta biyar. Mai zagayen ƙarshe ita ce Ayelén Barría, wadda Herminda ta goge wa majina tun tana faɗuwa a kan katakon aro. Shekarun Ayelén sun fara ja, kuma ta san ba za a sake kawo mata wasa har ƙofar gida ba.

Aka turo koci daga Bariloche, Osvaldo Petrich, dogo marar fara'a, wanda ya yi zama a Turai kuma ba ya bari a manta. Ranar da ya iso ya kafa doka: babu mai shan mate a bututu ɗaya da wani har a gama wasa.

"A ɗakina?" in ji Herminda.

"A ɗakinki, Doña. Mura ɗaya ta isa ta kwantar min da su duka."

"To ni ce mai murar? Kai ɗan nan, tun kana zanen goyo nake shayar da mutane, ba wanda ya mutu."

"Ban ce za a mutu ba. Na ce ba za a sha ba."

Ta rataye ƙoƙon a ƙusa, ta yini tana buga tukwane. Ban so mutumin ba, har gobe ba na son sa, amma gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ana saura 'yan kwanaki, na ji muryarta ta shaƙe.

"Herminda, mura ke damunki."

"Hayaƙin itace ne."

"Hayaƙin itace ke sa hanci yoyo?"

"Ke likita, juya fanken nan kada ya ƙone."

Ta haɗiyi ƙwaya, ta naɗe wuya da gyale, ta ci gaba da aiki. In ta faɗa, gida za a kora ta, ta kalli wasan a talabijin kamar baƙuwa, ita da ta share wa kwarin nan ƙanƙara rabin rayuwarta.

Da la'asar ɗin nan Ayelén ta zagayo ta bayan ɗaki, inda muke tara itace. Ta waiga ko akwai mai ganinta.

"Iya, hankalina ya ƙi kwanciya. Duk inda na bi sai a ce ke muke jira. Har direban bas ya ƙi karɓar kuɗina. Ki taimake ni da mate guda ɗaya. Koci ya tafi duba hanya."

"Za ki sa dogon nan ya cinye ni ɗanya."

"Ɗaya tak, Iya."

Herminda ta yi abin da ya kamata, na shaida. Ta wanke bututun da tafasasshen ruwa, ta zuba sabon ganye, ta ce, "Naki ne ke kaɗai, ba zan sa baki ba." Tana zuba ruwa tana ba yarinyar labarin ranar da ta faɗa rami da katakon aro, muna dariya. Cikin dariyar hannunta ya kai ƙoƙon baki, ta shanye na farko, ta ƙara ruwa, ta miƙa. Ayelén ta sha, ta sauke numfashi, ta sumbace ta a kumatu ta tafi. Babu wadda ta lura a cikinmu.

Sai da muka koma wajen murhu Herminda ta tsaya cak da ludayi a hannu.

"Clorinda," ta ce, "bakina ɗaci."

Ranar tsere kwarin ya cika maƙil, tutoci ko'ina, ana ta buga ganga. Ayelén ta tashi da zazzaɓi, ta ɓoye, don in ta faɗa sauran 'yan tseren uku ma ba za su fita ba. Su kuwa suka yi gudun da ba su taɓa yi ba, suka miƙa mata tana gaba da tazara mai kyau. Muna ihu kamar za mu fasa maƙogwaro. A hawan ƙarshe, inda kowa ke ganinta, ƙafafunta suka ƙi. 'Yar Chile ta wuce ta. 'Yar Brazil ta wuce ta, mutanen da ba su san ƙanƙara ba sai a firji. Wata ma ta wuce. Ayelén ta shigo ta huɗu, ta zube, gangar ta yi shiru.

Kafin yamma gari ya yanke hukunci: tsoro ne. A gidan burodi, a rediyo, a bakin waɗanda ko bene ba sa iya hawa ba haki, magana ɗaya ce, yarinyar ba ta da zuciya. Herminda ta daina cin abinci. Ina jin ta ta katanga tana kuka tana magana da kanta. Na ce mata kuskure ne, hannu ne ya yi abin da ya saba. Ta ce, "Hannun wa?"

Da Ayelén ta ɗan warware, ta zo har gida, ta riƙe mata hannu.

"Iya, ki yi shiru, don Allah. Zagi ne, zai wuce. In koci ya ji na karya doka, kuma na ɓoye zazzaɓi, tawa ta ƙare. Kin ji?"

"Ana ce miki matsoraciya, 'yar nan."

"A ce. Ni dai ki yi shiru."

Herminda ta ce to.

Ba ta iya ba. A wajen gashin ragon da aka shirya wa 'yan wasa bayan an sallami baƙi, wani daga cikin manyan kwamitin wasanni, ya sha ya yi tatul, ya ɗaga kofi ya ce baɗi a ba Ayelén zagayen farko, kafin tsoro ya farka. Wasu suka yi dariya. Herminda ta jefar da wuƙar yanka nama a kan tebur.

"Rufe mana baki, mai tumbi! Da zazzaɓi ta yi gudun nan. Ni na sa mata. Ni na ba ta mate a bayan ɗaki, da murata, da bakina!"

Ta faɗi duka, tana kuka, tana dukan ƙirji. Na ga fuskarta ta saki kamar wadda aka sauke wa buhu. Ta ɗauka ta wanke yarinyar.

Koci bai ɗaga murya ba. "Ayelén, haka aka yi?"

"Haka aka yi."

Ukun nan da suka yi ta rarrashinta tun ranar tsere suka janye kujerunsu. Tsoro za su iya yafewa, kowa na jin sa. Amma a ce lambarsu ta tafi a kan kurɓin mate, wannan ba su iya ba. Da aka fitar da sunayen 'yan wasan baɗi, babu nata.

Yanzu Ayelén tana aiki a masana'antar harhaɗa talabijin. Herminda tana nan a kwari, ta rame, ba ta zagin kowa, kuma ɗakin ya zama ba daɗi. Ina tausayinta, ina kuma jin haushinta, duka biyun a lokaci ɗaya. Da bazara ta shigo, Herminda ta gasa burodi ta ce in raka ta tasha, inda ma'aikata ke jiran mota. Can muka tarar da Ayelén.

"Na zo neman gafara, 'yar nan."

"Murar ai ba laifinki ba ne, Iya. Ni na roƙa."

"Ba ita ba. Ɗayar."

Ayelén ta dube ta, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Da kika faɗa, kin ji sanyi a ranki?"

Herminda ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai. "Na ji."

"To madalla," in ji Ayelén. "Ko ɗayarmu ta samu."

Motar ta zo, ta shiga, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon tasha.