Azumi Mai Bado

A wani ƙauye na yankin Kwargaba, in aka ce Azumi mai bado ba a sake tambayar wace Azumi. Tun tana amarya uwar mijinta ta kai ta tafkin bayan gari, ta koya mata shiga ruwa har ƙirji, ƙwarya na yawo a gabanta, tana lalubo 'ya'yan bado da hannu. In ta dawo gida sai ta fasa su, ta shanya ƙwayar a tabarma. Yara su saya su tauna, mata su saya su kai ɗaka. Da mijinta ya rasu, da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta, Yazid da Raihana.

A wancan lokaci ruwan garau yake. Tana tsaye a ciki tana ganin yatsun ƙafarta, in ƙishirwa ta kama ta sai ta kamfata da tafin hannu ta sha.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Gari ya faɗaɗa, sababbin gidaje suka juya magudanansu zuwa kwazazzabon da ke gangarawa tafkin, masu kwashe masai ma can suka mayar wurin juyewa. Sai kuma albasa ta yi daraja. Aka kewaye tafkin da gonakin rani, ana zuba takin zamani buhu-buhu, ruwan da ya fito daga kwamin albasa yana komawa inda aka jawo shi. Ruwa ya soma yin kore, gansakuka ta yi kauri kamar kunu, kainuwa ta shimfiɗu ta rufe bado. Wata safiya aka tarar da kifaye birjik a gaɓa, ciki sama.

Gonar da ta fi kusa da ruwan ta Yazid ce, kuma ita ke ciyar da gidan. Sau ɗaya Azumi ta yi masa magana, yana ɗaura buhun taki a bayan babur.

"Yazidu, takin ga da kuka zubawa, shi na kashe tabkin ga."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Inna. Amma in nib bari, mi za mu ci? Kuma ko na bari, masai da magudanan gari hwa?"

Ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da shiga ruwan har ƙafafunta suka cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Ma'aikaciyar asibiti a Wurno ta ba ta magani, ta ce kada ta ƙara taka tafkin. Azumi ta kife ƙwaryarta, ta koma suyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ba ta taɓa so ba.

A kakar bara Raihana, wadda ke aure a Goronyo, ta sami ciki. Ta bugo waya tana shagwaɓa: "Inna, komi nic ci sai in amayar. Badon tabkinmu kaɗai raina ka so."

Azumi ba ta gaya wa kowa ba. Da hantsi ta ɗauko ƙwarya ta nufi bayan gari. Wari ya tare ta tun kafin ta isa. Ta ture kainuwa, ta kutsa cikin baƙin taɓo, ta daɗe tana lalube. Abin da hannunta ya kamo kaɗan ne, shi ma da ta matsa sai ya fashe, baƙi, ruɓaɓɓe. Ta fito ta zauna a gaɓa, ruwa na ɗiga daga zanenta.

Nan Yazid ya same ta. Ya kashe injin ban-ruwa, ya leƙa ƙwaryar, ya cire rawaninsa ya share mata ƙafafu.

Ranar kasuwar Wurno, Yazid ya zagaya kasuwar har ya sami wata tsohuwa da ta kawo bado daga wani tafki mai nisa, ya sayo, aka aika Goronyo. Da yamma Raihana ta bugo tana murna, ta ce ta cinye shi tas, ba wanda ya iya zaɓen bado kamar Inna.

"Allah shi sauke ki lahiya," in ji Azumi. Ta miƙa wa Yazid wayar, ta jawo kaskon gyaɗa.