Ƙurajen Hajiya Talatu

Ko na manta da komai a aikin jinyar nan, ba zan manta da ranar da ƙurajen wata mara lafiya suka tashi daga fuskarta suka koma fuskar ƙawarta ba. Dariya kuke yi? To ku gyara zama, musamman ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, don labarin naku ne.

A lokacin ni ce babbar nas mai kula da ɓangaren masu ciwon daji a asibitinmu na nan ƙetaren kogi. Laraba ce ranar ganin marasa lafiyarmu. Tsarin dai kun san shi: mutum ya fara biyowa ta teburina, in auna nauyinsa da hawan jininsa, in maƙala masa ɗan abin nan a yatsa don ganin yawan iskar da ke jininsa, in tambaye shi yadda yake ji da magani, sannan ya shiga wurin likita. Likitanmu Dakta Emeka ne, haifaffen Sabon Tasha. Sunan ne kawai na kudu, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

A farkon wata damina aka kawo mana Mama Rifkatu. 'Yar Filato ce, ta yi ƙuruciyarta a masaƙar Kakuri har aka rufe, daga nan ta zauna a Romi. Ita ce mai bayar da waƙa a zumuntar matan majami'arsu, amma ranar da ta zo ko gaisuwa ba ta iya kaiwa ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta rame, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka yi hoton ƙirji, aka ciri ɗan nama daga huhu aka duba, sakamako ya ce kansar huhu ce.

Ta dube ni ta ce, “Sista, ni da ko karan sigari ban taɓa riƙewa ba?”

Na ce, “Mama, ciwon nan ba ya neman izinin sigari kafin ya shigo.”

Bari in yi bayani don waɗanda ba ɓangarenmu suke ba. Da can, idan aka ce kansar huhu ta yi nisa, kemo kawai muka sani, wato ruwan maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, mai zubar da gashi da jigata jiki. Yanzu kuwa akan aika naman da aka cira a binciki ƙwayoyin halittar ciwon kansa. A wasu mutane, musamman waɗanda ba su taɓa shan taba ba, akan sami wani sauyi na musamman da shi ne ke hura wa ciwon wuta. Idan aka same shi, akwai ƙwayar da aka yi dominsa shi kaɗai, ana haɗiyar guda ɗaya kullum. Dakta Emeka yakan ce abin kamar kwaɗo ne da makulli: idan ba kwaɗonsa ba ne, ko ka kwana kana murɗawa ba zai buɗe ba. Ba ta warkar da ciwon gaba ɗaya, wannan kam muna faɗa wa kowa, amma tana danne shi mutum ya koma harkokinsa.

Aka aika naman Mama Rifkatu Legas. Da amsa ta dawo, sai ga shi tana da sauyin da likitoci ke kira EGFR. Wallahi ranar har tafi na yi a ofis. 'Ya'yanta suka yi ta maza suka samo maganin, ta fara sha.

Duk wannan zirga-zirga ba ita kaɗai take yi ba. Kullum tana tare da Hajiya Talatu, mai tuyar ƙosai a Makera. A da injinansu na kusa da juna a masaƙa, kuma tun a can kwano ɗaya suke ci. Ko lokacin da gari ya rikice mutane suka rarrabu unguwa-unguwa, su ba su rabu ba. In ka ba ɗaya lemo, kafin ka juya ta ɓare ta miƙa wa ɗayar rabi. Hajiya ba ta da aiki sai tsiya. Takan ce mini, “Sista, ki duba mini tsohuwar nan da kyau, ta riga ni zuwa duniya amma ba zan yarda ta riga ni tafiya ba.”

Maganin ya karɓi Mama Rifkatu, karɓa ta ban mamaki. Tari ya lafa, abinci ya fara shiga, ta daina tsayawa hutu a matakalar bene. Sai kuma ƙuraje suka feso mata a hanci da kumatu da haɓa, gefen faratanta ya yi ja. Ta shigo tana ƙorafi.

“Sista, da tsufana zan koma 'yar sakandare? Ga bikin autata Godiya a Disamba, haka zan shiga hoto?”

Dakta ya ba ta man shafawa, ya ce mata ƙurajen halin maganin ne, kuma sau da yawa alama ce cewa yana zaune a jiki yana aikinsa. Ta ce in dai haka ne su yi ta fitowa har ƙeya. A nan ta gaya mana burinta. Ta yi wa 'ya'yan mutane waƙa a bukukuwansu ba adadi, ba ta so a zo kan autarta a ce wata ce za ta ɗauki waƙa ita tana zaune a kujera.

Ana nan, damina ta ja baya. Wata Laraba Mama Rifkatu ta zo, tun daga ƙofa na ji tarin. Na auna ta, nauyi ya ragu, iska ta ragu. Fuska kuwa ta yi sumul, ko ƙurji ɗaya babu. Na ce, “Mama, kina shan maganinki?” Ta ce tana sha. Ɗakin magani ma suka ce ba ta taɓa makara wajen karɓar sabon kwali ba. Aka sake hoto, sai ga ruwa ya fara taruwa a ƙirji.

Mako na gaba muka zauna mu huɗu a ofishin Dakta. Hajiya na gefe da takunkumi a fuska, don ita ma ta jima tana tari, kuma dokar ɓangarenmu ce duk mai tari ya rufe hanci da baki. Dakta bai ɓoye komai ba. Ya ce irin wannan magani yakan kai lokacin da ciwon ke koyon kauce masa, kuma da alama lokacin ya zo da wuri. Za a sake cirar nama, mai yiwuwa kuma a koma kemo.

Mama Rifkatu ta ce, “Likita, kemon nan zai bar mini murya zuwa Disamba?”

Dakta ya ce ba zai yi mata alkawarin abin da ba shi da tabbas ba. Ni kam idona ya riga ya cika.

Hajiya ce ta fara fashewa da kuka. Ta janye takunkumin don ta share hanci da bakin mayafi. Jama'a! Hanci, kumatu, haɓa, duk ƙuraje ne caɓa-caɓa. Na dubi Dakta, na ga shi ma ya ajiye biro yana kallonta.

Na ce, “Hajiya, waɗannan fa?”

Ta yi wuf za ta mayar da takunkumi. “Zafin tuya ne, Sista.”

Dakta ya ce, “Hajiya, don Allah mu ga yatsunki.”

Ta miƙo a hankali. Gefen faratan ya yi ja ya kumbura. Sai Mama Rifkatu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ko a jikinta, ta ce, “Ku daina tsare ta da ido. Ni na ba ta.”

Ashe wata rana ta je Makera ta tarar da Hajiya a bakin kasko tana tari har tana dafe ƙirji. Hajiya ta sha maganin tari na kemis kwalba-kwalba bai yi ba. Ita kuwa Mama Rifkatu ta san inda tari ya kai ta, ga kuma maganin da ya tashe ta a cikin jaka. Shi ke nan suka yanke: yau ita, gobe Hajiya. Ranar da tarin Hajiya ya matsa ma, takan bar mata kwana biyu a jere.

Kun san ni da zuciya. Na miƙe tsaye na ce, “Haba Mama! Haba! Wannan ƙosai ne da za ki raba? Rai fa kike rabawa!”

Ta ce, “'Yata, zauna. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In haɗiye lafiya ina jin tarinta a kunnena?”

Ina shirin ƙara buɗe wuta sai na ji dariya. Dakta ne, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Ya ɗago ya ce, “Sista, yi haƙuri, rabon da in ji labari mai daɗi irin wannan na manta. In dai rabi take sha, to wataƙila ba maganin ne ya gaza ba.” Amma ya ja mana kunne cewa wataƙila ce. Ciwon ya sami sarari, ba wanda ya san ko zai sake jin magana. Za ta koma sha kullum ba fashi, a sake hoto bayan wasu makonni, kafin a yi zancen kemo.

Sannan ya juya ya yi wa Hajiya bayanin kwaɗo da makulli daki-daki. Ya ce ƙwayar ba maganin tari ba ce, babu abin da za ta yi mata sai ƙuraje da wahalar da hanta, kuma duk wadda ta haɗiya, numfashin ƙawarta ne ya ragu. Hajiya ta ɗora hannu a ka. “Innalillahi! Rifkatu, ashe numfashinki nake haɗiya? Kika bar ni?”

Mama Rifkatu dai ba ta sauko ba. Ta ce ba za ta koma sha kullum ba sai an duba Talatu a ranar. Hajiya kuma ta ce ita ba ta son gwaje-gwaje, kada a tono mata abin da ke kwance. Na ga faɗa ba zai yi ba, sai na kama hannun kowace na ce, “To ciniki ya faɗa. Ke ki ba da ƙirjinki a duba, ke kuma ki haɗiye ƙwayarki.” Da kaina na raka Hajiya ɗakin hoto da ɗakin gwajin majina, tana tafe tana mita.

Sakamakonta ya fito: ba tibi, ba kansa. Asma ce, ƙurar audugar masaƙa da hayaƙin itacen tuya suka tara mata. Aka ba ta abin shaƙa, aka ce ta koma tuya da gas. Ba a jima ba tarin ya kwanta.

Daga nan fa Mama Rifkatu ta shiga uku. Kullum da safe, da Hajiya ta sauke kasko, sai ta hau keke napep daga Makera zuwa Romi, ta tsaya a kanta har ta haɗiye, ta ce ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Mama Rifkatu ta kawo mini ƙara, wai an sa mata 'yar sanda. Na ce ai ke kika ɗauke ta aiki.

Ni dai kullum addu'a nake yi, don na ga waɗanda maganin ya juya wa baya, kuma na san yadda abin yake ƙarewa. Ranar da za a karanta sabon hoto, ina cikin auna wani dattijo sai na ji guɗa a baranda. Mama Rifkatu ce ta shigo tana taka rawa, tana nuna kumatunta da yatsa biyu. “Sista, sun dawo! 'Yan albarka sun dawo!” Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da ƙuraje haka ba. Dakta ya ɗora hoton a allo, ruwan ya janye, ƙullin ya ƙanƙance. Ya ce, “Mama, je ki yi ta gwajin waƙa.” Na rungume ta ina kuka ina dariya, Hajiya na cewa a ba ta tukuicinta.

Bikin Godiya a filin wata firamare aka yi shi a Romi, ni da Dakta duk mun je. Matan zumunta sun sha anko, ga tulun kiɗa ga kacau-kacau. Hajiya na zaune a teburin iyaye kusa da uwar amarya, fuskarta ta washe tas, ta uwar amarya kuwa hoda ma ta kasa rufewa. Da aka kira zumunta, Mama Rifkatu ta yi gyaran murya za ta miƙe. Ina kallo Hajiya ta zura hannu a jaka ta zaro abin shaƙarta, ta miƙa mata ta ƙarƙashin tebur.

Na ce, “Hajiya!”

Ta ɗago, muka haɗa ido. Ta mayar da shi jaka sumui-sumui, ta lalubo namijin goro, ta gatsa biyu, ta ba ƙawarta rabi. Ta ce, “Wannan dai ba kwaɗo ba makulli, ko Sista?”

Mama Rifkatu ta tauna, ta miƙe, ta ɗauki waƙa. Muryar ta kai har bakin titi, kuma ba ta tsaya jan numfashi ba sai inda waƙar ta ce a tsaya.

Abin da na koya ke nan. Maganin zamani an yi shi ne don mutum ɗaya, har cikin ƙwayar halittarsa, amma mutanenmu ba ɗaya-ɗaya suke rayuwa ba. Wanda ya raba maganinsa ba wawa ba ne, ƙauna ce ta sa shi, kuma tsawa ba ta hana ƙauna. Shi ya sa za ku ji ni, duk wanda zan miƙa wa kwalin nan a karon farko, bayan na gama bayanin yadda ake sha sai na ƙara tambaya ɗaya: “Wa ke tari a cikin mutanenka?” In ya ambaci suna, sai in ce ya zo mini da shi ranar Laraba.