Shagon Mai Hoto

Jerin shagunan nan na bakin hanyar Kibiya, wanda 'yan Rano ke kira filaza don burga, a kan idona aka gina shi, amma yau sai in tsaya a gabansa kamar baƙo. Muna yara akwai tela, da mai kaset, da mai hoto. Tela ya tashi, mai cajin waya ya shiga, shi ma ya bar wa mai maganin feshi. Abin haushin, mutanenmu ba sa sauya wa shago suna. Ka je sayen taki a ce maka ka shiga shagon tela, alhali telan ya daɗe da kwanta dama.

Hoton mahaifinmu ne ya kai ni can bara. Sau ɗaya ya yarda aka ɗauke shi, shekarar da gyaɗa ta yi kyau, bai kuma koma ya karɓa ba. Ina ƙarami ya rasu. Inna ta ce min fuskarsa ta fara ɓace mata, abin ya tsaya min a rai.

Na tambayi shagon mai hoto. Wani ya nuna min na farko, wani ya rantse na ƙarshe ne, ni kuwa da na tsakiya na sani. An toshe wata ƙofar, an fasa wata, an raba shago ɗaya gida biyu, har na fara zargin kaina. Can wani dattijo mai sayar da dusa ya ce, "Malam, akwai wani buhu da na tarar a nan. Hotunan mutane ne, na ji nauyin ƙonawa."

Na zazzage shi a kan tabarma. Ashe babbar riga ɗaya da hula ɗaya mai hoton ke ara wa manoma. Ga mutanen Tarai da na Zinyau nan birjik cikin riga guda, gaban labule guda, kowa ya ƙame. Danshi ya ci rabin fuskokin. Na ware biyu da suka yi kama da yayana, wanda ake cewa shi ya ɗauko kamannin mahaifinmu, na kai gida.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga na dama ta ce shi ne. Har na fara hamdala, sai ta ajiye ta ɗauki ɗayan.

"Kai ba ka gane shi ba?" ta tambaye ni.

Na ce, "Na dama ne, Inna."

Wallahi ban sani ba. Ta sake ɗaukar na daman, ta goge shi da gefen mayafinta, ta sa ƙarƙashin matashi. Ɗayan yana wurina har yau, na kasa yar da shi.