Murhun da Baba Ya Gina wa Kaka a Peckham

Har yau in na wuce inda ake gini na ji warin jiƙaƙƙen siminti, sai falonmu na Peckham ya faɗo mini a rai. Shekarata bakwai lokacin. Zamanin da arzikin man fetur ya buɗe ne, gwamnati ta turo Baba London, ya samu wani tsohon gida ya saya, ya kuma aika aka kawo mahaifiyarsa don a cire mata yanar ido. Ni a nan aka haife ni, Kaka ba ta taɓa ganin fuskata ba sai dai ta shafa.

Ta iso ana gab da shiga sanyi, aikin kuma sai bayan Kirsimeti. Sanyi na shigowa ta tubure. An saya mata hita mai jan ƙarfe biyu, ta ce wannan ƙona ƙwauri kawai yake yi, baya na daskarewa. Rannan ta sa Umma ta ɗaure mata kayanta.

"Inna, an riga an yi booking ɗin aikin nan," in ji Baba. "In kika tafi, cancel za su yi."

"Su yi. Gara in makance a ɗakina kusa da wuta."

Kaka ba ta faɗin magana sau biyu, kowa ya sani. In ta hau jirgi, idon ya tafi ke nan.

A bangon falon akwai tsohon murhun Turawa da aka rufe da katako. Baba ya ɓamɓare shi, ya kira mai share bututun hayaƙi, ya aro littafin gini a laburare. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba! Ranar Asabar ya ciko bayan mota da duwatsu daga bakin kogi, sumul-sumul, yana ta murna da kyansu.

Kaka ta ce a miƙo mata ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina.

"Kai, daga ruwa ka ɗebo wannan? Dutsen rafi ba ya murhu. Yana jin wuta zai fashe."

Baba ya ce littafin bai faɗi haka ba. Ba ta yi musu ba, ta dai sa Umma ta hura gawayi a tsohon bokiti a bayan gida, aka jefa dutse ɗaya. Muna cikin cin abinci muka ji tau! Da muka leƙa, ya tsage gida uku. Baba ya kwashe sauran ya mayar.

Na biyun daga wurin masu sayar da kayan gini ya samo su. Kaka ta zauna a tabarma da cokali, kowane dutse sai ta ƙwanƙwasa shi kusa da kunne. Mai ƙara tas ta tura dama, mai amsawa kamar ruɓaɓɓen goro ta tura hagu. Sati uku Baba na dawowa daga ofis ya tuɓe kwat ya durƙusa, hannunsa duk ya tsattsage. Ginin ya karkace ta gefe ɗaya, amma ya tsaya.

Council, wato ƙaramar hukuma, ta hana ƙona itace a unguwar, don haka gawayi mara hayaƙi aka zuba. Kaka ta miƙa ƙafa, ta ce wutar ba ta da ƙamshi, amma wuta ce. Washegari ta ce a kwance kayan.

Ranar da ta dawo daga asibiti aka zaunar da ita a wurin. Murhun ta fara dubawa, ta ce wa Baba, "Ai a karkace yake." Sannan ta kama haɓata ta juya ni wajen hasken wutar, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka kike," ta ce. Ni dai kuka ya ƙwace mini, ban san dalili ba.

Yanzu a flat nake a Edmonton, arewacin London. Maɓalli ɗaya nake dannawa kowane ɗaki ya ɗumama, ba toka, ba wahala, kuma ba na fatan komawa ɗaukar gawayi. Sai dai tunda ɗumi ya kai ko'ina, babu abin da ke fito da kowa falo. Jikokina uku suna zuwa hutu, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Idona lafiya lau, amma sai in wuni ban ga fuskar ko ɗaya ba.