Yadda Kawu Farfesa Ya Faɗi Zaɓe a Gidan Ubansa

Kawuna ba farfesa ba ne. A gida aka laƙaba masa sunan, tun ranar da matarsa ta tambaye shi wa zai sayo gas, shi kuma ya tsaya a tsakar gida yana yi mata bayanin rabon iko tsakanin ɓangarorin gwamnati har ruwan shayi ya huce. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura hamsin. Ƙuruciyarsa duk a ofishin ruwa ya ƙarar da ita, yana bin gidaje yana leƙa mita, karnuka suna bin sa. Ya ce a nan siyasa ta shiga ransa, domin babu gidan da ya shiga ba a zagi gwamnati a fuskarsa ba, alhali shi ma famfon gidansu iska yake kawowa. Digirin farko a karatun ƙarshen mako ya yi shi. Da ya yi ritaya, sa'anninsa suna sayen kujerar zama a ƙofar gida, shi sai ya sayi jakar goyo ya koma jami'a neman digiri na biyu a kimiyyar siyasa.

Ni ma abin da na karanta ke nan, bana na gama digirin farko. Har na fara shirin bin sahunsa. Yanzu kam ko bokitin fenti na gani sai gabana ya faɗi.

Binciken Kawu a kan dalilan da ke sa wanda ya faɗi zaɓe ya ƙi amincewa da sakamako ne. Malamin da ke duba masa aikin, wanda a haife Kawu ya kusa haifarsa, kullum sai ya dawo masa da babi jajur da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Abin ya yi ta ja har sashen ya gaji, aka ce in bai miƙa aikin kafin ƙarshen wannan zangon ba, ya tattara ya ba wasu wuri.

A gidanmu na gado ɗaki ɗaya ne mutum zai iya jin tunaninsa a ciki, wato ɗakin marigayi kakana, mai ƙofa ta bakin titi. Nan Kawu ya kafa teburinsa, ya jera littattafai har saman taga, ya kuma kafa dokoki. Ba a kunna rediyo da rana. Ba a buga tabarya. In jariri zai yi kuka, a kai shi bayan gida ya yi. Kawu Direba, ƙaninsa, sai da ya koma tura motarsa zuwa kwana kafin ya tayar da ita.

Ana nan sai aka zo faɗaɗa titin kasuwa, aka rushe shagon Inna Tela, autarsu. Ta dawo gida da keken ɗinki biyu da buhunan yadi, ta zube su a baranda. Ɗinki kuwa sai da ƙofar titi, babu matar da za ta ratsa ta cikin shanya da yara don a gwada ta. Ta je ta sami Kaka, mahaifiyarsu, ta ce a ba ta ɗakin.

Kaka ta yanke magana a take. Ta ce, "Ki bar wa yayanki har ya gama wannan karatun nasa da ba ya ƙarewa. Ki yi haƙuri da baranda."

Inna Tela ta share hawaye ta ce to. Da an tsaya a nan, da ban rubuta wannan ba. Amma Kawu ya fito da biro a bayan kunne ya ce bai yarda ba.

"Me ba ka yarda da shi ba? Kai aka ba," in ji Kaka.

"Iya, yadda aka ba ni ne matsalar. Wannan mulkin mutum ɗaya ne. Ina rubuta littafi a kan haƙƙin jama'a, sannan in zauna a ɗakin da na samu ta hanyar kama-karya?"

"Ni ce kama-karyar?"

"Ba ke ba, Iya, tsarin."

"To, tsarin ne ya yi wankan jegonka."

Ya dage sai an yi zaɓe. Kaka ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ni aka naɗa shugaban hukumar zaɓe, saboda ni kaɗai ne mai digiri kuma marar aikin yi. Kawu ya ce ba ni da ƙuri'a, alƙali ba ya buga ƙwallo. Masu zaɓe bakwai ne: Kaka, Ummata, Kawu da matarsa, Kawu Direba da matarsa, sai Inna Tela. Shi ya rubuta dokokin da hannunsa, ya karanto su a tsakar gida, kowa ya ce ya ji, ko da yake matar Direba tana yanka albasa ne a lokacin.

Kafin ranar sai ya yi abin da aka koya mana a aji, ya ji ra'ayin jama'a. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye da shi.

"Yaya, tsakaninki da Allah, wa za ki zaɓa?"

Ummata ta ce, "Haba Farfesa, har sai ka tambaya?"

Kawu Direba ya ce, "Ni da kai ai ba ta ɓaci." Matarsa ta ce duk inda maigidanta ya sa ƙafa nan take sawa. Matar Kawu kuwa dariya ta yi ta ce, "In ban zaɓe ka ba wa zan zaɓa, mai gyaran famfo?" Muka fito Kawu yana murmushi, ya ce mini wannan a ilmance sunansa rinjaye marar tantama.

Kawu Direba ne ya kawo shawarar a sauƙaƙa abin. Ya ce, "Mu bakwai ne fa. A tsaya gaban Iya kowa ya ɗaga hannu, a gama, ina da fasinja."

Na rantse da an bi ta tasa da Kawu ya ci. Wa zai ɗaga hannu ya kori babban ɗa daga ɗakin ubansa, uwarsa tana kallo, bayan ita da bakinta ta ce a bar masa? Ko Inna Tela sai ta ji kunya. Amma Kawu ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Ɗaga hannu? A ƙarni na nawa muke? Ƙuri'ar sirri ita ce ke 'yanta ɗan Adam daga tsoro da kunyar ido!"

Gaskiya ya faɗa, kuma haka aka yi.

Na samo bokitin fenti na huda murfin. Tun da Kaka ba ta karatun boko, muka yi alama, littafi na Kawu, almakashi na Inna Tela. Tawadar dangwale wata tsohuwa ce ta ofishin ruwa da Kawu ya taho da ita. Madafa ce rumfar zaɓe, aka rataya zanen gado a ƙofa. Ranar Asabar da yamma aka taru, aka ba 'yan takara damar yin jawabi. Kawu ya fara daga tsohuwar Girka, bai iso gidanmu ba sai da jaririn Direba ya yi barci ya farka. Da aka zo kan Inna Tela, ko tashi ba ta yi ba. Tana datse zare da haƙori ta ce, "Ni dai kun san ni. Yaya Direba, wandonka yana nan na gama."

Aka shiga ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta daɗe a ciki, na ɗauka wani abu ne ya same ta, ashe tukunya ta tsaya ta juya.

Sai ƙirge. Dokar Kawu ta ce a ɗaga kowace ƙuri'a sama a faɗa da ƙarfi. Na zazzage bokitin a kan tabarma na ɗauki ta farko.

"Almakashi."

Kawu ya gyaɗa kai irin na manya. Na ɗauki ta biyu, almakashi. Ta uku ma haka. Da na faɗi ta huɗu muryata ta koma ta yaro, Ummata ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ta biyar ce littafi, na faɗe ta da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Sauran biyun almakashi ne. Shida da ɗaya.

Kowa ya ɗauka ɗayar nan ta Kawu ce da kansa, ke nan uwarsa da yayarsa da matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi duk sun juya masa baya. Ba mai kallon wani. Kawu Direba ya duƙufa yana nazarin makullin motarsa.

Kawu ya miƙe, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ya taya 'yar'uwarsa murna. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Ni almakashi na dangwala. Na ga kamar zan cinye duka, na ce kada sakamakon ya yi kama da na masu mulkin danniya. To wannan ɗayar ta wace ce?"

Kafin ya rufe baki matarsa ta dafe ƙirji. "Tawa ce mana! Dama na faɗa maka."

"Ke dai ji tsoron Allah," in ji Ummata, "ni da na goya shi?"

Kawu Direba ya ce a duba girman yatsan, ai na namiji ne. Matarsa ta ce ita dai ta san hannunta ta wajen littafi ya nufa. Mutum huɗu suna rantsuwa a kan ƙuri'a ɗaya, har aka fara tono maganganun shekarun baya. Kaka ta miƙe. Ta yafito Kawu da hannu zuwa ɗakinta, ni ma ta ce in biyo da bokitina.

Ta zauna a bakin gado ta dube shi. "Ka ga abin da ka jawo wa kanka? To ji nan. In fita yanzu in ce na soke wannan wasan yaran. Ɗaki naka ne har ka gama."

Babi biyu suka rage masa, kuma ya san a cikin gidan nan babu inda zai rubuta ko layi ɗaya ba a aike shi sayen gishiri ba.

"Iya, a ƙarƙashin wane sashe za ki soke?"

"Sashen naƙuda."

Can ya juyo gare ni a hankali, bai kalli idona ba. "Shugaban hukuma, a matsayinka na masani, ba ka lura da wata tangarɗa ba? Na ga kamar tawada ta ɗan zarce layi a wasu takardun. Kuma an bar tukunya a kan wuta a cikin rumfar zaɓe."

Wannan mutumin shi ya fara kai ni ɗakin karatu ina yaro, shi ya saya mini ƙamus. Ga shi tsaye da furfurarsa yana roƙona da ilimi. Ni dai na ji bakina ya ce, "Kawu, babu tangarɗa. An yi zaɓe lafiya."

Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Haka ne. Iya, na gode, amma a bar shi."

Kaka ta ce, "Allah ya ba ni ɗa mai ilimi, ya hana shi wayo. Tashi ku ba ni wuri."

Washegari aka miƙa mulki, domin haka dokarsa ta ce. Ya nemi a ba shi lokacin riƙon ƙwarya zuwa ƙarshen zango, Inna Tela ta ce ita a karatun da ya yi musu ba ta ji wannan ba. Muka kwashe littattafai zuwa sito, kusa da madafa, tsakanin tukunyar gas da tsofaffin tayoyin Direba. Nan yake rubutu yanzu, gwiwarsa tana dukan buhun gawayi, rediyo biyu suna ta yi a tsakar gida, tabarya ta dawo bakin aiki. Ko zai gama kafin a rufe, ban sani ba, kuma tsoron tambaya nake.

Teburin ne ƙarshen abin da muka fitar. Ya maƙale a ƙofa, ni ina ciki, Kawu yana waje, Inna Tela tana tsaye da tsintsiya tana jiran mu ba ta wuri. Kawu ya leƙo ta saman teburin yana haki.

"Auta, ba komai, haka siyasa take. Mu haɗu a zaɓe na gaba."

"Wane zaɓe na gaba, Yaya?"

"In wa'adinki ya cika mana."

Ta jingina tsintsiyar a bango. "Ka rubuta wa'adi a dokar taka?"

Ya dube ni. Na girgiza kai, domin ni na riƙe masa takardar yana karantawa. Lokacin da ya rubuta ta, ya ɗauka shi zai ci.

"To ku ɗaga ta gefen hagu," in ji Inna Tela, "kuna kankare mini fenti."