Ƙananan Kaskon Tani

A garin Sarkin Yamma aka haifi Tani, a gidan da mata ke ginin tukwane tun kakanni. Aure ya kawo ta Madarumfa, gidan wani masunci, ta tarar da yumɓun bakin tabki ya fi na garinsu laushi. Ta yi shekaru tana gina randa da tulu da tandar waina, har roba da dalma suka cika kasuwa. Lokacin da mijinta ya rasu, sai ta yi wata biyu ba ta hura wutar gashi ba, don babu mai saye.

Wata ranar kasuwa wani ɗan tireda daga Ɗan Issa, Al'amin, ya tsuguna gaban kayanta. Ya ciro wani ɗan kasko da bai fi tafin hannu ba, mai dogon wuya da hudoji a ciki, gefensa a fashe.

"Inna, kina iya gina irin wannan?"

Tani ta jujjuya shi. "Wasan yara ne wannan. Na mene ne?"

"Kan tukunyar shisha ne. Nan ake zuba tabar, a ɗora garwashi. Daga waje ake kawo su, kuma yanzu 'yan duwan, wato kwastan, sun ƙara kuɗin fito a kan kayan shisha. Sun yi tsada, ga saurin fashewa. In kika iya, duk abin da kika gina ni zan kwashe."

Ba ta san shisha ba, ba ta kuma tambaya ba. Na farkon da ta gasa sun tsage da suka ji garwashi. Ta daka tsingaro ta haɗa da yumɓun, ta ƙara kaurin gindi. Da Al'amin ya gwada na biyu, sai ga shi a kan babur kafin azahar, yana kwaɗa sallama tun daga bakin titi.

Daga nan gidan ya rikice da aiki. Tani ta aika aka kira mata tsoffin abokan gininta uku da suka koma surfe. Tsakar gida ta cika da ƙananan kasko jere a rana, har kaji suka rasa wurin bi. Ta gyara rufin ɗakinta, ta sayi tunkiya, kuma in ta fita ɗibar yumɓu har waƙa take yi.

Maƙwabciyarta Loisa, wadda ta yi aikin jinya a Maraɗi kafin ta huta, ita ce ta ja ta wata la'asar zuwa bakin tasha. Samari na zaune a fadarsu ta hira, tiyo na zagayawa hannu zuwa hannu, hayaƙi mai ƙanshin abarba ya turnuƙe rumfar. A saman tukunyar, Tani ta gane aikin hannunta.

"Ƙanshin ne ke ruɗinsu," in ji Loisa. "Amma taba ce, kuma ƙirji take ci. Don a rage sha aka tsawwala harajin, ke kuma Yaya kin sauƙaƙa masu."

Suka koma gida. Tani ba ta daina ginin ba, don mata uku na ci a ƙarƙashinta, amma waƙar ta ragu.

Ba a daɗe ba tsadar ta kai ga tabar kanta, aka kuma fara matsa wa masu rumfunan. Fadar da ke hura tukunya uku ta koma ɗaya, wasu samarin suka koma shayinsu. Al'amin ya zo yana sosa ƙeya, ya ce kasuwa ta mutu, shi ma fitilun sola zai koma sayarwa. Ya bar ta da kasko cike da kwanduna.

Ana cikin haka aka sa bikin Miriyamu, 'yar Loisa. Ranar kai amarya mata suka cika gida, aka nemi kaskon turaren wuta aka rasa, don na gidan ya fashe wajen jere. Tani ta ruga ta ɗauko ɗaya daga cikin kwando, ta kafa wuyansa a bakin wata kwalba, ta zuba garwashi da turare. Hudojin suka riƙa jan iska, garwashin ya ƙi mutuwa, ƙanshi ya bi ɗaki-ɗaki.

"Wannan a ina ake samunsa?" in ji wata ƙanwar ango.

"A bayan katangar nan," in ji Loisa tana dariya.

Kafin a watse an kwashe kwando guda. Da safe Tani ta tara abokan gininta. Suka faɗaɗa gindin kaskon don ya zauna da kansa, suka yi masa ado da jar ƙasa da farar ƙasa. Yanzu da wuya a yi wa amarya jere a unguwar babu guda biyu a ciki, kuma mata daga Maraɗi sukan aiko 'yan kabu-kabu su ɗaukar masu. Loisa ce ke zaɓen zane, kullum kuma sai sun yi gardama da Tani a kan wanda ya fi kyau.