Gabar da Ni Kaɗai Na Sani

Lokacin da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, ɗakin awon masu ciki aka kai ni, ƙarƙashin wata babbar nas da kowa ke kira Hajiya. Mace ce mai murya, ko raɗa ta yi sai an ji ta a bakin get. Wata rana a taron ma'aikata ta ɗaga katin wata mai ciki da na cike, ta ce, "Wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono?" Kowa ya yi dariya, har likita. Ni ma na murmusa, amma a raina na ce shi ke nan, ni da ita.

Ban iya faɗa ba, saboda haka na ɗauki gaba irin ta masu kunya. Ina gaishe ta, amma ba na tambayar yara. Zoɓon da take kawo mana a jarka kullum kuwa na daina sha. In ta miƙo kofi sai in ce, "Alhamdulillahi," in kau da kai, ina jin yadda abin zai soke ta.

A gida maigidana ne ya sha wahalar. Kafin ya wanke hannu na fara ba shi labarinta. Har ya kai in ya shigo yakan ce, "Sannu da gida. Ya Hajiya ta kwana?" Ya ce tuwona ma ya fara ɗanɗanon matar nan.

Wata safiya da damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na daɗe tsaye a titin Gyaɗi-Gyaɗi kafin wani mai adaidaita sahu ya tsaya. Ina leƙawa sai ga Hajiya a ciki, jarkarta a cinya. Ba yadda zan yi, na shiga na takure.

Mun ɗan yi nisa sai ta dafa gwiwata, ta rage murya iya ƙoƙarinta.

"Ƙanwata, ki gaya min gaskiya, ciwon suga ne? Na ga kin daina shan zoɓo. Tun azumi na daina zuba suga saboda ke, mutanen nan sai gunaguni suke min, amma ko kurɓa ba kya yi."

Ashe duk watannin nan asibiti guda na shan tsami a kaina.

"Lafiyata lau, Hajiya. Maganar rubutuna ce."

"Wane rubutu?"

Na tuna mata. Ta ɗan yi lalube a ranta, sannan ta fashe da dariya har mai adaidaita ya waiwayo.

"Ni na faɗi haka? Kai, bakina! Ki yafe min. Amma tsakani da Allah, rubutun naki ya gyaru?"

"Bai gyaru ba," na ce, dariya ta ƙwace min.

Kusa da kasuwar Tarauni adaidaitar ta mutu a cikin ruwa. Muka sauko, takalma a hannu. Gwiwarta na ciwo, sai ta rataya a kafaɗata, ni kuma na ɗaukar mata jarkar. Haka muka isa asibiti jiƙe sharkaf, mata sun cika benci suna jiranmu.